Gyaran da Ke Jiran Hannu na Biyu

A gida Auta ake kiranta, a wurin aiki kuwa mai kwamfuta, ko da yake rabin abin da take yi a ofishin wani kamfanin sufuri bai wuce zaro takardar da ta maƙale a firinta da tuna wa mutane lambar sirrinsu ba. Ɗakinta yana ƙarƙashin matakala, babu taga, ita da matattun firintoci da kwalayen wayoyin da ba wanda ya san amfaninsu, ba kuma wanda ya yarda a zubar. A intanet sunanta Kurciya. Da wannan sunan mutanen da ba ta taɓa gani ido da ido ba suka san ta, da shi kuma take aikin da ta ɗauka nata na gaske.

Aikin nan shi ne Rumbu, wata manhaja ta kyauta da ƙananan ɗakunan karatu ke amfani da ita wajen ba da aron littattafai. Ita ke riƙe wanda ya ɗauki littafi, da ranar da zai mayar, da wanda ke jiran layi. Rumbu ba mallakin kowa ba ce. Rubutunta a buɗe yake, duk wanda ya iya zai duba ya kawo gyara, kuma kowa don ransa yake yi. Amma shigar da gyara cikin ainihin manhajar sai 'yan majalisa, su biyar, su ke riƙe da makulli.

Wanda ya fara Rumbu wani injiniya ne da ya yi ritaya, kowa Tsoho yake ce masa, ita kaɗai ke ce masa Baba. Akwai Mai Shayi, wadda ba a taɓa ganinta a taron bidiyo babu kofi a hannunta ba. Akwai Gwanki mai saurin hannu, akwai Dogo, sai ita Kurciya. Dokarsu gajeriya ce, ita da Tsoho suka rubuta ta tun farko. Ba wanda zai shigar da gyaransa da kansa, sai wani ɗan majalisa ya duba ya sa hannu. Sauya doka ko shigo da sabon ɗan majalisa kuwa sai da ƙuri'a uku. A lokacin da suka rubuta, hannu na biyu ba abin nema ba ne. Kafin ka tashi ka sha ruwa ka dawo, wani ya duba, har ya yi maka tsiya a kan waƙafin da ka manta.

Ba rana ɗaya suka watse ba. Gwanki ya sami aiki a wani babban kamfani, ya ce zai riƙa leƙowa a ƙarshen mako, bai leƙo ba. Mai Shayi ta haifi tagwaye. Dogo kuwa fushi ya yi. Ya so a rushe Rumbu a sake gina ta daga tushe, aka yi ta ja-in-ja har aka kai ga ƙuri'a, biyu nan biyu can, ta Kurciya ce ta ƙarshe, ta ce a'a. Abin da ya rubuta a zauren tattaunawarsu na intanet kawai shi ne, "Na ji, na kuma bi." Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bai ajiye kujerarsa ba, bai kuma zauna a kanta ba. Aka bar ta ita da Tsoho, tana sa masa hannu yana sa mata, har shi ma saƙonninsa suka fara gajarta, sannan suka ɗauke.

Ana nan sai matsala ta ɓullo. Duk wanda ya sabunta aron littafi ya kuma mayar kafin lokaci, sai Rumbu ta rubuta shi cikin waɗanda ba su mayar ba, ta hana shi ɗaukar wani. Wadda ta fara kawo ƙorafi wata malama ce mai kula da ɗakin karatun wata makaranta, Malama kawai take sawa a ƙarshen saƙonta. Ta rubuta cikin ladabi cewa yaran da suka fi son karatu su ne manhajar ke kora, don su ne masu sabuntawa.

Kurciya ta gano inda gizo ke saƙar a lokacin hutun cin abinci, kwanonta a kan wata matacciyar firinta. Kafin a tashi daga aiki ta gama gyaran. Layuka kaɗan ne. Ta ɗora shi inda ake ɗora gyare-gyare, ta rubuta bayani, ta ambaci sunayen sauran huɗun don saƙo ya je musu. A ƙasan shafin akwai koren maɓalli na shigarwa. Makullinta zai iya danna shi, manhajar ba ta san wata doka ba. Ta rufe kwamfutar ta tafi gida.

Mako ya zagayo ba amsa. Saƙon Gwanki ya dawo mata, adireshin ya daina aiki. Mai Shayi ta turo hoton jarirai biyu a kwance kai da ƙafa, ta ce, "Wallahi ina ganin saƙonki, 'yar uwa, mako mai zuwa in Allah ya so." Kurciya ta yi wa yaran addu'a, ba ta sake tuna mata ba. Daga Tsoho shiru. Dogo kuwa ba ta ma sa rai ba.

A zaure ƙorafi ya yi ta taruwa. Malama ta ce ta koma biro da takarda kafin a gyara, kuma ta gode da ƙoƙari. Godiyar ta fi zagi yi wa Kurciya ciwo. Wani sabon shiga da ke kiran kansa Baƙo, wanda daga maganarsa ka san ya iya aikin, bai tsaya sakaya zance ba. "Ga gyara nan a ajiye kowa na gani," in ji shi. "Mai makulli tana nan, kullum tana amsa saƙo. Me ake jira? In aikin ya mutu a faɗa mana, in kwashi rubutun in kafa nawa." Yana da ikon yin haka, lasisin Rumbu ya ba kowa wannan dama. Ta amsa masa da cewa doka ta hana ta sa wa kanta hannu. Ya ce dokar da ba mai bin ta sai mutum ɗaya ai ba doka ba ce, ɗabi'a ce.

Yayanta ma kusan haka ya ce. Yakan zo duba mahaifiyarsu ran Juma'a da yamma, don Kurciya ce ke zaune da ita tun rasuwar mahaifinsu. Ya tarar da ita a falo ta zuba wa kwamfuta ido, ya tambaya, ta yi masa bayani a taƙaice.

"Tsaya in gane," in ji shi. "Ke kika gyara?"

"Ni ce."

"Makullin yana hannunki?"

"Yana hannuna."

"To wa zai kama ki, Auta? 'Yan sandan laburare?"

Ya yi dariya har da buga cinya, ita ma ta ɗan murmusa. Ta ce, "Yaya, in na danna yau don gyaran ƙarami ne, gobe babba zan danna. Mutanen nan sun ɗora mana sunayen 'ya'yansu da abin da suke karantawa, don sun san ba mutum ɗaya ke juya abin ba."

"Amma ai mutum ɗaya ke juya shi."

Mahaifiyarsu da ke tsintar zare daga wani tsohon mayafi ta ce, "Ka ƙyale min yarinya. Tun tana ƙarama in ta ce ba ta ci, ko ka dafa sama da ƙasa ba ta ci."

Doka ta ba kowane ɗan majalisa ikon kiran taro, don haka ta kira na ranar Asabar da hantsi. Ta share teburin ɗakinta, ta janye labule don haske ya sauka a fuskarta, har ta sauya riga. Da lokaci ya yi ta buɗe ɗakin taron. Fuskarta ce kaɗai a allon, a cikin ɗan akwati, sauran wurin baƙi. Ta gyara zaman kyamara. Ta duba ko makirufo na aiki. A waje wani yana wanke mota yana sauraron rediyo, ruwan yana gangarowa ta bakin ƙofarsu. Duk motsin da ta ji daga kwamfutar sai ta ɗaga kai, ashe saƙon talla ne.

Mahaifiyarta ta turo ƙofa da kofin shayi. Ta leƙa allon ta ce, "Ina mutanen?"

"Ba su zo ba tukuna, Mama."

"Wannan ai ke ce."

"Ni ce."

Tsohuwar ta ajiye kofin, ta ja kujera ta zauna a gefenta, ta gyara ɗankwali tana kallon kanta a allon. "To ga ni, mun zama biyu. Me ake tattaunawa?"

Kurciya ta yi dariya, dariyar ta so ta juye mata ta zama wani abu, ta kurɓi shayi ta danne. Suka zauna tare har rana ta bar tagar. Daga baya ta rubuta a zaure cewa an kira taro, mutum ɗaya ya halarta, taro bai cika ba, ba a yanke komai ba. Mutum biyu suka sa alamar sun gani. Ɗayansu Malama ce.

Ran Litinin tana durƙushe a ƙarƙashin teburin akantan ofis tana neman wayar da ta zare, sai saƙo ya shigo daga adireshin Tsoho. Ta buge kai a garin miƙewa. Ba shi ya rubuta ba, 'yarsa ce. Ta ce mahaifinta ya sami shanyewar ɓarin jiki watannin baya, hannunsa na dama ba ya aiki, magana ma da ƙyar. Hankalinsa garau yake. Yau ne ya yi ta nuna mata kwamfutar har ta buɗe, ta tarar da saƙonni jibge, rabinsu daga wata Kurciya. "Na karanta masa naki duka," in ji ta. "Ya yi kuka. Ban san me kuke yi ba, amma ya ce in ce miki yana nan."

Ta koma ɗakinta na ƙarƙashin matakala ta rufe ƙofa. Shekara nawa suna aiki tare, ba ta san yana da 'ya ba. Ba ta san kalar ƙofar gidansa ba. Abin da ta sani shi ne yadda yake jera rubutunsa, da yadda yake cewa "mu ɗan sake tunani" in yana nufin a'a. Ya yi watanni a kwance, ita kuwa tana nan tana jin haushin shirunsa a ɓoye. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani direba ne ya manta lambar sirrinsa. Ta goge fuska ta buɗe.

Tsoho ba zai iya duba gyara ba, amma zai iya kaɗa ƙuri'a. Ita da shi biyu ke nan. Saura ɗaya a cika ukun da ake buƙata don sauya doka, kuma ta san ko wane ne.

Ta rubuta wa Dogo saƙo ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Na farko ya cika ban haƙuri, alhali ba ta ga laifin da ta yi ba, har gobe in aka sake waccan ƙuri'a a'a za ta ce. Na biyu ya yi kama da takardar ofis. A ƙarshe ta rubuta, "Dogo, Baba ba shi da lafiya. Ni kaɗai na rage. Ga gyara yana jiran hannu, kai kuma har yanzu ɗan majalisa ne." Ta tura kafin ta sake tunani.

Bai amsa saƙon ba. Washegari dai ta buɗe shafin gyaran ta ga sunansa a ƙasa, da jan rubutu. Ya ƙi sa hannu. Ba gaisuwa, ba tambayar jikin Tsoho. Ya ce gyaran ya magance matsalar ga mai littafi ɗaya, amma in mutum ya sabunta littattafai biyu a rana ɗaya ya mayar da ɗaya, Rumbu za ta goge ɗayan daga lissafi gaba ɗaya, littafi ya fita ba wanda ya san yana hannun wa. Ya nuna layin.

Ta ce a ranta ramuwa ce, ya samu dama. Ta gwada abin da ya faɗa don ta ƙaryata shi, littafin ya ɓace a gabanta kamar yadda ya ce. Ta zauna tana kallon wurin da ya ɓace. Da ta danna koren maɓallin nan tun ranar farko, da yanzu ɗakunan karatu da yawa sun yi asarar littattafan da ba su ma san sun fita ba. Ta yi zaton za ta ji daɗin cewa dokar ta yi amfani. Abin da ta ji kawai shi ne kewar lokacin da irin wannan jan rubutun yake zuwa da zolaya a ƙarshensa.

Ta gyara, ta sake ɗorawa. Ya sake dawo da shi a kan wani ɗan ƙaramin abu. Ta gyara. Sai ga hannunsa, kore, ba ko kalma ɗaya. Ta danna maɓallin tana tsaye, jakarta a kafaɗa, ana kashe fitilun ofis. Malama ta rubuto washegari cewa ta mayar da biro aljihu, yara sun yi layi har bakin ƙofa.

Taron ya yiwu ran Asabar ta gaba. Wannan karon akwati uku ne a allon. Dogo ya rame, ya tara gemu, bayansa farin bango ne ba komai a jiki. Tsoho yana jingine da matasai, 'yarsa na riƙe masa waya, hoton yana ɗan rawa. Gefen bakinsa ya sauka.

"Baba, sannu da jiki," in ji Kurciya. "Kana jina?"

Ya ɗaga hannun hagu. Ya yi ƙoƙarin faɗin wani abu, 'yar ta kara kunne ta ce, "Wai kin yi ƙiba."

Har Dogo sai da ya yi murmushi. Ya gaida Tsoho da girmamawa, ya yi masa addu'a, sannan ya gyara zama ya ce shi ba zai ɓoye ba, wannan ne taronsa na ƙarshe. Ya zo ne don a kwance ƙullin, ba don ya dawo ba. Shawararsa ita ce a soke majalisar, a damƙa wa Kurciya komai. "Ke ke yin aikin. Ke ke amsa mutane. A daina wasan kwaikwayo, a rubuta abin da yake gaskiya. Ki nemi masu taimaka miki, amma magana ta ƙarshe taki ce."

"Kai da ka kama min kuskure makon nan kake faɗin haka?"

"Kuskure kowa na yi. Ki sa wani ya riƙa dubawa. Ba sai an yi majalisa ba."

"In na ga dama in sa, in ban ga dama ba in bari ke nan."

"To me majalisar ta tsinana?" Muryarsa ta ɗan tashi. "Na kawo shawarar da na yi wata da watanni ina shiryawa, kuka kashe ta da ɗaga hannu. Yau ga Rumbu nan, tsohon gini, ana toshe nan can na yoyo. Ƙuri'a ba ta san wanda ya fi gaskiya ba, Kurciya, ta san wanda ya fi yawa ne kawai."

Wannan maganar ta daɗe a cikinsa, ta ga alama, kuma ba duka ce ƙarya ba. Ta ce, "Mai yiwuwa kai ne da gaskiya a wancan lokacin. Ban sani ba har yanzu. Amma da ka tsaya, da ka sake kawo ta, da wataƙila ka ci. Ni abin da nake tsoro daban ne. Dubi Baba. Ran da na kwanta haka, wa zai buɗe? Mama ce za ta karanta min saƙonni?"

Hoton Tsoho ya karkata, 'yar ta gyara riƙo.

Sai ta kawo tata shawarar. Duk ɗan majalisar da ya yi wata shida ba a ji shi ba, kujerarsa ta zama fanko, ba tare da zargi ba, sunansa ya koma cikin waɗanda ake girmamawa, in ya dawo ya sake tsayawa. Kujerun da suka zama fanko kuwa ba majalisa ce za ta cike su ba, zaɓe za a yi a zaure, duk wanda ya taɓa kawo gyara ko rahoton matsala yana da ƙuri'a. Kuma kujera ɗaya a ware ta ga masu amfani da manhajar, ko da ba su iya rubuta layi ɗaya ba.

Dogo ya ce wannan na ƙarshen zai jawo mata ciwon kai, mutumin da bai san wahalar gyara ba komai zai ce a yi. Ta ce ta sani. Ya ce zaɓe zai iya kawo mata wanda ba ta so. Ta ce shi ma ta sani.

Aka fara kaɗa ƙuri'a a kan shawararsa. Shi ya ce eh, ita ta ce a'a. Aka juya ga Tsoho. Ya daɗe yana motsa baki, 'yar ta sunkuya, ya kawar da kanta da hannun hagu, yana so ya faɗa da kansa. "A'a," in ji shi, kalmar ta fito a karkace amma kowa ya ji. Aka zo tata. Ita eh, Tsoho eh. Saura Dogo.

"In na ce a'a, kin koma inda kike," in ji shi.

"Haka ne."

"Ban yarda da ita ba. A rubuta cewa ban yarda da ita ba." Ya ja numfashi. "Eh."

Nan take ya ajiye kujerarsa, ya yi wa Tsoho sallama, ya ce mata, "Ki kula da kanki," akwatinsa ya ɓace. Tsoho ma ya ajiye tasa ta bakin 'yarsa. Kafin a kashe ya yi ta kallon allon kamar mai neman wani abu, sannan 'yar ta ce ya gaji, za ta kwantar da shi. Sabuwar dokar ta sauke Gwanki da kanta. Mai Shayi ta rubuto da yamma cewa a sauke ta ita ma, ta gode da aka sauwaƙe mata, kunyar faɗin haka take ji tuntuni. Ranar nan Kurciya ta shiga shafin da ke ɗauke da sunayen 'yan majalisa ta mayar da huɗu ƙasa, ƙarƙashin waɗanda suka yi hidima. Sunanta ya rage shi kaɗai a sama. Dama haka abin yake tun da daɗewa, amma ganinsa a rubuce daban ne.

Kujera huɗu aka buɗe, mutum biyu suka tsaya. Malama ta tsaya bayan Kurciya ta yi ta lallashinta, Malama na cewa ita fa ko kwamfutarta in ta ƙi tashi ɗalibai take kira. Na biyun Baƙo ne. Ya rubuta a takardar tsayawarsa cewa ya fasa kafa nasa ne don ya ga an buɗe ƙofa, kuma yana da jerin abubuwan da yake ganin an yi su ba daidai ba. Yawancinsu aikin Kurciya ne. Duka biyun suka ci, da ƙuri'u 'yan kaɗan, don yawancin mutanen zaure ba su ma kula an yi zaɓe ba.

Zama da su ba daɗi ne da shi ba. Baƙo ba ya gaisuwa, yana shiga taro yake fara magana, gyaransa kuwa tsaf yake, ba ta samun abin cewa. Malama tana tambayar ma'anar kowace kalma, taron rabin awa ya koma awa biyu. Ba mai zolayar kowa. A taro na uku Baƙo ya kawo shawarar a raba amsa saƙonnin zaure, kowa da makonsa, wanda ba makonsa ba kada ya sa baki sai an neme shi. Ya ce muddin Kurciya ce ke amsa komai cikin minti biyar, ba wanda zai koyi komai, mutane kuma za su ci gaba da ɗauka Rumbu tata ce. Kurciya ta ce ba ta ga buƙata ba, ita ba ta gaji ba. Malama ta yi ta ba ta haƙuri, ta ce don Allah kada ta ji haushi, sannan ta goyi bayan Baƙo. Da yake sauya tsarin aiki ne ba doka ba, biyu sun isa.

Asabar ɗin farko da ba makonta ba, ta tashi da wuri kamar kullum. Ta yi wanki, ta ba mahaifiyarta magani, ta goge teburin da ba ya buƙatar gogewa. Ta buɗe zaure ta ga wani ya yi tambayar da ta san amsarta tun kafin ta gama karantawa. Yatsunta har sun hau madannai. Ta janye su, ta rufe kwamfutar, ta zauna hannu a cinya.

"Yau ba taron?" in ji mahaifiyarta daga falo.

"Babu, Mama. An ba ni hutu."

"Wa ya ba ki?"

"Ƙuri'a aka yi."

"To Allah ya yi musu albarka. Tashi ki fita ki sha iska, kin tsaya min a ka kamar mai jiran sakamako."

Ta sa takalmi ta fita ba tare da ta san inda za ta ba. Ta wuce shagon mai gyaran waya, ta wuce tashar mota, ta bi wani titi da ba ta saba bi da ƙafa ba don kawai yana da inuwa. A ƙarshensa akwai wani tsohon gini mai hawa ɗaya da allo a goshinsa, ɗakin karatu na unguwa. Ta sha wuce shi a mota. Ta tsaya a bakin ƙofa, sannan ta shiga.

Ciki sanyi, ga ƙamshin tsohuwar takarda, fanka ɗaya na juyawa a hankali. Mutum biyu ne kawai, wani dattijo da jarida da wata mata da ta kifa kai a kan tebur tana barci. Ba kwamfuta a wurin ko ɗaya. Mai kula da wurin, wani mutum mai tabarau a kan goshi, yana da dogon akwatin katako cike da katuna.

"Aro za ki yi ko karatu?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

Ta ce aro. Ya zaro sabon kati, ya lashi yatsa, ya tambayi sunanta, ta faɗa masa na gaskiya, wanda ta daɗe ba ta ji a bakin kowa ba. Ya rubuta a hankali da manyan baƙaƙe, ya ce littafi biyu ake ɗauka, mako biyu ake yi. Ta shiga tsakanin kantocin tana bin bayan littattafan da yatsa, ba ta san me take so ba. Ta ɗauko wani a kan kiwon zuma don hoton bangonsa ya yi mata kyau, ta nemi kujera kusa da taga, ta buɗe shafin farko.